Cakulan a Mayafin Goggo

A kasuwar Dembé Zulkiflu ya fara ganin Hamdiyya, tana gyara tsumman da ta rufe tiren alewarta da shi. Shi ɗan Jos ne, watansa biyu da zuwa wannan gari mai tsananin zafi aikin gyaran firji, zufa duk ta jiƙa masa riga.

"Yaya aka yi taki alewar ba ta narkewa?" ya tambaye ta.

"Kakata Goggo ke dafa ta. Ta san lokacin sauke sukari daga wuta," ta ce, idonta a ƙasa.

Tun daga ranar kullum yana da aiki a Dembé, ko an kira shi ko ba a kira shi ba.

Ranar da zai je gaishe da Goggo a unguwar Diguel, ya sayi farin mayafi da kwalin cakulan, ya cusa su tare a ƙarƙashin kujerar babur, da tsakar rana. Kai, ɗan garin sanyi! Ko da aka buɗe ledar a gaban tsohuwa, cakulan ya zama kunu, ya rine mayafin kaf.

Goggo ba ta yi dariya ba. Shekara arba'in ke nan da mijinta, shi ma baƙo, ya ce zai ƙarasa Makka ya dawo. Har yau shiru.

"Tsarabarsa ma ba ta jure ranar garin nan ba, balle shi," ta ce, tana nuna Zulkiflu. "Kalas, magana ta ƙare. Ba zan ba baƙo jikata ba."

Da yamma saƙon Hamdiyya ya shigo: "Masoyina, ba ƙinka Goggo take yi ba, tsoro ne. Wallahi ni ma ina jin tsoron."

Ya amsa: "Habibti, maganar baki ba za ta gamsar da ita ba. Gobe ina tafe."

Ya zo kuwa. Ya tarar hannun Goggo na rawa a kan muciya, sai ya karɓa. Afrilu da Mayu a gaban tukunyar sukari ya yi su. Ya ƙona tukunya biyu, sukari ya sale masa yatsu, sau ɗaya ma jiri ya kayar da shi. Kullum sai Goggo ta ɗiga sukarin da ya dafa a ruwan sanyi, ta murza, ta ce, "Da saura." Abokansa da suka zo tare suka tattara suka koma Jos saboda zafi, shi bai bi su ba.

Ranar da ɗigon ya daskare, ya karye ƙas a yatsunta, Goggo ta daɗe tana kallon Zulkiflu, hawaye na zubo mata.

An ɗaura aure bayan ruwan farko. Da ango ya durƙusa gabanta, Hamdiyya na gefe a lulluɓe, Goggo ta kama hannunsa ta riƙe gam.

"Ɗana, ban ce kar ka yi tafiya ba. Amma duk inda ƙafarka ta nufa, ka tafi da ita. Kar ka bar ta tana kallon hanya. Allah ya yi muku albarka."

"Amin, Goggo," ya ce. Hamdiyya ta buɗe baki za ta amsa, kuka ya riga ta.