Shafi na Biyu

Malam Sallau bai taɓa karanta takarda ya wuce shafin farko ba, kuma bai ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Shi ne mai kula da shugabannin ɗalibai a Sakandaren Hawa na Arba'in, can ƙololuwar Sabuwar Gusau, inda jiragen haya ke giftawa ta gefen taga.

A farkon shekara ya kawo Ma'aunin Alƙawari, wani ɗan bajo da ake maƙalawa a ƙirji. Duk abin da shugaba ya ce zai yi, bajon yana ji, ya adana. Haskensa kore ne, amma in wa'adi ya wuce ba a cika ba, sai ya koma ja har ranar da aka cika. Ranar ƙaddamarwa Malam ma ya maƙala nasa saboda hoto, ya ce, “Ni kuma duk takardar da kuka kawo, cikin kwana uku na sa hannu.” Aka yi tafi. Ya jefa bajon a durowa.

Yara ba wawaye ba ne. Kafin zango na biyu sun gano cewa wanda bai yi alƙawari ba, bajonsa ba ya ja. Shugaban tsafta ya koma cewa “za a duba.” Na wasanni ya koma gyaɗa kai kawai. Ƙirji goma sha ɗaya kore shar, shara kuwa har bakin lifta.

Na Hajara Bawa, shugabar ɗalibai, shi kaɗai ya yi ja. Wata bakwai ke nan da ta ce za ta sa a gyara famfon banɗakin mata. Doka kuma ta ce mai ja, a sauke shi a gaban taro.

Da safiyar taron ya kira ta ofis.

“Hajara, kin ba ni kunya. Kowa kore, ke kamar tattasai.”

“Malam, ai injin gyaran ba ya motsi sai da sa hannunka. Sau huɗu ina kawo takarda.”

“Wa kika ba?”

“Kai, Malam. Ka ce in ajiye, kana shan shayi.”

Ya janyo durowa don ya nuna mata babu komai. Jan haske ya haske masa gemu. Ga bajonsa, ga takardu huɗu a ƙarƙashinsa, kowace shafi biyu. Wurin sa hannu yana shafi na biyu.

Hajara ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta, don ladabi. Shi kam ya gwammace a ce zaginsa ta yi.

Ya sa hannu. Kafin a kaɗa ƙararrawa bajonta ya yi kore, muƙaminta ya tsira. Ya hau mumbari da niyyar faɗin gaskiya, ya yi gyaran murya, ya tsinci kansa yana jawabi kan muhimmancin cika alƙawari. Aka yi tafi. Hajara ma ta tafa, a hankali.

Gyaran famfon minti tara ya ɗauka.