Murafen Da Ban Yi Ba

"Wa ya rufe min tukwanena?"

Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so, har mai saƙar da ke teburin kusa da nawa ta saki kwando ɗaya ya gangara ƙasa.

Jiya da yamma da hannuna na jera tukwanen nan a zauren unguwarmu, inda mu masu sana'ar hannu za mu baje kayanmu jama'a su gani. A buɗe na bar su kamar kullum. Duk wanda ya san ni ya san ciwona: na iya ginin tukunya, amma murfi ya gagare ni. In na gina shi da yumɓu, yana shiga wuta sai ya tsage, ko ya fito a karkace. Yayata kan ce tukwanena ni suka biyo, bakinsu ba ya rufuwa.

Yau kuma ga su, kowacce da murfinta na katako, sumul, yana ƙamshin sabon itace.

Na sauke babbar tukunyar da na rungumo daga gida, wadda nake ɓoyewa a ɗakina don ta fi kowacce shiga raina. Na ɗaga murfi ɗaya na juya shi. An fafe ƙasansa daidai da bakin tukunyar, har da ɗan lotsawar da babban yatsana ke bari a gefe. Na gwada shi a kan ta kusa, ya ƙi zama. Na mayar da shi kan tasa, ya zauna ɗas.



Na san hannun nan ko a mafarki.

Malam Shiru nake kiransa, don kalmomin da yake furtawa a wuni ba za su cika cokali ba. Masassaƙi ne, shagonsa na bayan kasuwa, kuma ina sonsa yadda ban taɓa son kowa ba. Ni na matsa masa ya zo ya gaida Baba ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ya zo kuwa, cikin sabuwar riga. Ya gaisa, ya zauna, sai idonsa ya sauka kan teburin falonmu mai ƙafa ɗaya gajera, wanda tun ina ƙarama ake tokare shi da guntun kwali. Baba na jiran magana, bawan Allah ya durƙusa ya kifar da tebur, ya zaro wuƙa daga aljihu. Ya gyara ƙafar tsaf, ya yi sallama, ya tafi.

"Wannan ne mijin?" in ji Baba ranar. "Ya zo neman 'yata ya ɓuge da neman ƙafar tebur? Ba zan ba da ke ga mutumin da ya fara magana ya kasa ƙarasawa ba."

Tun daga ranar ban sake jin ɗuriyarsa ba. Na kira, ba ya ɗagawa. Na bi ta shagon, ƙofa a rufe, amma ina jin ƙarar sassaƙa daga ciki.

Ni kuwa kaina ya kwance. Sai in ajiye tukunya a kan kanta a rumfar aikina, da safe in neme ta in rasa, bayan kwana biyu in gan ta a bayan buhun yumɓu. Umma ma ta yi ta cigiyar bargonta. Har na fara tunanin ko soyayya na taɓa ƙwaƙwalwa.

"Sun yi miki, tauraruwata?"

Na juya. Mai Hoto ne, kyamara rataye a wuya, turarensa ya riga shi isowa. Hotunansa ne suka cika bangon gabas na zauren. Ya daɗe yana bina, kuma shi bakinsa ba ya gajiya, in ya gaida Baba sai ya tambayi lafiyar kowa har da kyanwar gidanmu. Baba ya ce ba zai yi min dole ba, amma yana so in an tashi daga zauren yau in gaya masa matsayata a kan mutumin.

"Ka san wanda ya kawo su?" na tambaya.

Ya dubi murafen, ya dube ni. Sai ya yi murmushi.

"Haba, sanyin idona. Wa kike zato?"

"Ai kai ba ka sassaƙa."

"Amma ina sa a sassaƙa. Wurin masassaƙin nan naki na je."

"Ya... ya yarda?"

"Ko gardama bai yi ba. Aiki aiki ne. Har fatan alheri ya yi mana."

Na dafa tebur.

Da cewa ya yi wani ne daban ya yi su, da na ƙaryata shi nan take. Amma wannan? Wato Malam Shiru ya zauna ya sassaƙa min murafe da sunan wani namiji? Wato sallamata ya yi, ya kuma ƙawata sallamar?

Na waiga can lungun zauren inda aka ware masa nasa teburin. Farin ƙyalle kawai ke shimfiɗe a kai. Ba kujera, ba akushi, ko cokali ɗaya babu.

Yaya ta iso tana gyara mayafi, ta ga fuskata ta ja ni gefe.

"Auta, lafiya? Kin ga kanki kuwa?"

Na gaya mata.

"To ai magana ta ƙare," ta ce. "Ɗaya ya gudu, ɗaya ya tsaya har da hidima. Me kuma kike jira?"

"Yaya, murfin ya san inda yatsana yake zama."

"Ke dai kin shiga uku da yatsa. Murfi za ki aura?"

"Ban sani ba... wallahi ban san komai ba yau."

Aka buɗe ƙofa jama'a suka shigo. Masu zane na tsaye gaban allunansu suna bayani, baduku na nuna wa wata mata ɗinkin jaka, mai saƙa na ta washe baki. Teburina ya fi ko'ina cika, ni da a bara mutane ke wucewa suna cewa, "Kyau kam akwai, amma ina murfin?"

Kowa ya zo sai ya ɗaga ya leƙa ciki, kamar na ɓoye musu wani abu. Wannan ya ɗaga ya ajiye nan, wancan ya ɗora can. Kafin in ankara murafen sun cakuɗe, wasu a karkace, wasu sun zurma ciki, wasu na zaune a kan tebur.

Na shiga gwadawa. Tukwanen da na gina da kaina, amma na kasa gane wane murfi ne na wacce. Idona ya cika da hawaye, ina murmushi wa baƙi ina haɗiye kuka.

Na yanke shawara a tsaye a wurin. In Baba ya tambaye ni, zan ce na amince da Mai Hoto. Ba don ina sonsa ba, sai don na gaji da son wanda ba ya magana.

Ana haka Baba ya shigo, Umma na biye da shi. Tsohon direba ne, tafiyarsa a hankali saboda ciwon baya. Bai dube ni ba, murafen ya tsaya yana kallo.

Mai Hoto ya taho da sauri ya rusuna.

"Barka da zuwa, Baba. Ya ƙarfin jiki? Ya bayan? Umma, ina wuni? Baba, ka ga ɗan abin da na sa aka yi wa Auta?"

"Kai ka sa?"

"Ni ne, Baba. Abin ba yawa."

"Madalla," in ji Baba. "To da yake kowane murfi da tukunyarsa, wa ya dinga kai wa masassaƙin tukwanen yana aunawa?"

"Ni... ni da kaina. A motata."

Baba ya gyaɗa kai a hankali.

"Ikon Allah. Ashe mu biyu muka yi ta dakon nan, ba mu taɓa haɗuwa a hanya ba."

 Mai saƙa ta daina washe baki.

"Baba?" na ce.

Umma ta riƙe haɓa. "Malam, kar dai ka ce min bargona..."

"Da me kike so in naɗe su? Da rigata?"

Mai Hoto ya ja da baya. Ya ɗaga kyamararsa ya ce bari ya ɗauko hoton masu zane kafin haske ya canza. Bai dawo ba.

Ni dai ina tsaye, murfi a kowane hannu.

"Baba, ban gane ba. Kai ne ka ce ba ka son sa."

"Na faɗa, kuma ban janye ba tukuna." Ya ja kujerar mai saƙa ya zauna yana cije baki. "Teburin nan ne ya hana ni sakat. Shekara da shekaru ina shan shayi a kai yana girgiɗi, yanzu kullum na ɗora kofi sai ya zauna lafiya, sai yaron nan ya faɗo min a rai. Na ce bari in je in gaya masa ya fita harkarki da kyau. Na tarar da shi cikin tulin murafe, yana sassaƙa su da ka, yana zubarwa. Na ce masa, kai, tukunyar da ba ta gabanka kake yi wa murfi? Sai ya ce min wai jarrabawa yake ko hannunsa ya haddace naki."



"Shi ne na ce zan dinga kawo masa ɗaya bayan ɗaya, bisa sharaɗi. Ba kira, ba saƙo, ba zuwa, har sai ya gama. Ina so in ga ko akwai abin da yake farawa ya ƙarasa."

"Ka bar ni ina zaton na haukace!"

"Ai kin kusa, na gani. Na yi ta yi masa addu'a ya yi sauri."

Yaya ta tuntsire da dariya, Umma ta harare ta.

Sai na ji ƙamshin itace a bayana.

Ban juya ba. Hannu biyu suka zagayo ta gefena, masu kanta da ƙananan yanka, suka karɓi murafen da ke hannuna. Ya ɗora wannan nan, ya ɗora wancan can, ba ya ko gwadawa. Ɗas. Ɗas. Ɗas. Kafin in share idona kowacce tukunya ta samu nata.

Malam Shiru ne. Ya rame. Garin katako har cikin girarsa.

"Teburinka ba komai," na ce, don shi ne abin da ya fara zuwa bakina.

"Ban samu lokaci ba."

"Ka san saura ƙiris in ce na amince da wani?"

Fuskarsa ta canza. Ya dubi Baba, ya dube ni.

"Na yi alkawari ne... Auta. Kullum wayar na ƙara ina kallonta. Sau ɗaya har na yanke yatsa."

Ya nuna min yatsan, kamar shi ne hujjar da za ta wanke shi. Abin haushi, ta wanke shi ɗin.

Baba ya yi gyaran murya ya nuna babbar tukunyar da na zo da ita da safe, ita kaɗai ce bakinta a buɗe.

"Waccan fa? Ka ce ka gama."

"Ba ka kawo min ita ba, Baba."

"A ɗakinta take kwana, ta ina zan sato ta?"

Malam Shiru ya sauke jakar da ke kafaɗarsa, ya zaro wani babban murfi naɗe a tsumma.

"Sau ɗaya na gan ta, tun tana ɗanya. Na dai gwada."

Ya ɗora shi a hankali. Duk muka zuba ido, har mai saƙa ta miƙe tsaye.

Murfin ya zauna ta gefe ɗaya, ɗaya gefen ya ɗaga. Ya taɓa shi da yatsa, ya yi girgiɗi, ƙwas, ƙwas, sak teburin falonmu na da.

Na ga kunya ta rufe shi. Hannunsa ya tafi aljihu wurin wuƙa.

"Kar ka soma," in ji Baba. "In ka zaro wuƙar nan ba za mu sake jin muryarka ba sai gobe. Me kake bukata ya zauna?"

"Sai na zauna da tukunyar. Ba aikin rana ɗaya ba ne."

"To ni bayana ya gaji, ba zan ƙara ɗaukar maka ko kofi ba. Tukunyar gida za ta koma. In kana son ta, ka san hanya, ka zo da iyayenka. Amma akwai maganar da ka bari a falona ba ka ƙarasa ba."

Malam Shiru ya cire hannunsa daga aljihu. Ya durƙusa a gaban Baba, a tsakiyar zaure, mutane na kallo. 

"Baba... ina son Auta. Ina roƙon ka ba ni ita."

"Ka ji fa," Baba ya ce da Umma. "Ashe yana da baki."

Ni ɗin da Yaya ke cewa bakina ba ya rufuwa, na neme shi na rasa. Sai kawai na ɗauke murfin da bai zauna ba na rungume shi a ƙirjina.

"Ba ni in gyara, masoyiyata," ya ce ƙasa-ƙasa, kunnuwansa kamar za su kama da wuta.

Na maƙe kafaɗa.

"Sai ka zo gida."