Fasinjar da Babandi Ya Bari a Ruwa

Shekara ashirin Babandi ya yi yana tuƙa jirgin fito a kogin Binuwai, yana ƙetarar da mutane da motoci. Ranar da wata motar doya ta sulale ta faɗa ruwa da mai doyar, Ngunan, a ciki, ya ji ihunta sarai, amma bai juya ba, don shi ya yi wa jirgin lodin da ya wuce ƙima. Da jirgin ya tsufa aka jingine shi, Babandi ya dawo garin Lafiya ya zauna a unguwar Bukan Sidi.

Wani dare bayan isha yana zaune a ƙofar gida, sai wata mata ta tsaya a gabansa. Tsakiyar rani ne, amma zanenta na ɗigar ruwa, tana warin laka.

"Baba direba, sannu da hutawa," ta ce. "A rabin hanya ka sauke ni."

Ya yunƙura zai tashi. Ruwa mai sanyi ya riga ya kai masa idon sawu.

Ta kama wuyan hannunsa. "Taso ka ƙarasa da ni. Wannan karon tare za mu sauka."