Wadda Ta Ɗora Mini Tulu

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba muka yi wani rani mai tsanani a ƙauyenmu, can bayan Paki. Rijiyarmu ta ƙafe. Masu neman ƙuri'a sun zo da mota sun yi alkawarin rijiyar siminti, sun tafi da alkawarinsu. Sai muka koma tonon rairayi a busasshen rafi, mu zauna muna jiran ruwa ya tsattsafo, mu kwasa da ƙoƙo.

A ranin nan 'yata Fatsuma ta zo gida haihuwar fari. Wankan jego kuwa ba ya jiran damina. Safe da yamma sai an dafa ruwa, in an yi sake sanyi ya shiga jikin mai jego ya nakasa ta. Babanta ya tafi cin rani. Ni kaɗai ce, ga wuyana ya gaji, wallahi har raina ya gaji.

Ran nan layi ya yi tsawo, na zama ta ƙarshe. Kafin tuluna ya cika, rana ta faɗi, mata duk sun watse. Sai a lokacin na tuna: cikakken tulu ba ya hawa kai sai an ɗora wa mutum.

Na gwada. Na sake gwadawa. Ƙuguna ya ƙi.

Sai na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na ruwan farko. A tsakiyar rani.

"Sannu da aiki," in ji wata murya a bayana, ƙasa-ƙasa. "Kawo in ɗora miki."

Wata mace ce doguwa, ta rufe fuska da gefen zane. Ban san ta ba, amma mai neman taimako ba ya tambayar asali. Ta kama gindin tulun, ya hau kaina kamar fanko. Yatsunta sun taɓa nawa. Sanyi ƙalau.

"To, saura nawa," ta ce.

Haka ake yi a rafi: wadda ta ɗora miki, ke ma ki ɗora mata. Na durƙusa a hankali don kada nawa ya zube, na kama tulunta.

Ko motsi bai yi ba.

Na leƙa ciki. Babu gindi. Duhu ne kawai mai zurfi, can ƙasa ina jin ƙarar ƙoƙo yana kankarar rairayi. Ƙwar. Ƙwar.

Na so janye hannuwana. Sun manne.

"Na daɗe ina jira," ta raɗa mini. "In kin ɗora mini, sai ki raka ni. Babu mai sauke mini a gida."

Addu'a ta ɓace daga bakina. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri. 'Yata jego take, ba ta yi wanka ba."



Na ji ta ja numfashi, irin na wadda ta gaji ƙwarai.

Hannuwana suka saku.

"Je ki," ta ce. "Ai za ki dawo."

Ban yi gudu ba. In na gudu ruwan ya zube, da me zan koma? Na taka a hankali. A bayana ina jin wani ruwan yana kaɗawa a tulu, taku bayan taku, har bakin gari. Ban waiga ba.

Na dafa ruwa, na yi wa Fatsuma wanka. Da safe na gaya wa maza. Suka jinjina kai, suka yanke cewa kada mace ta ƙara kai magariba a rafi. Babu wanda ya ce a haƙa rijiya, babu wanda ya ce zai raka mu.

Da la'asar Fatsuma ta leƙa randa, ta dube ni.

"Inna, babu ruwa."

"Na sani," na ce.

Na naɗa gammo, na ɗauki tulu.