Mayafi Mai Warin Wiwi

Ranar da firjin ɗakin gwaje-gwaje ya mutu suka haɗu. Ita kaɗai ce a ɗakin kamar kullum, saura kaɗan ta yi kuka a kan 'yan farantan gwajinta na gilashi da za su lalace. Shekara biyu ke nan tana tatsar sinadari daga ganyen wiwi da izinin hukuma, tana gwada shi a kan ƙwayar cutar yis mai sa farin kurji a baki. Aiki mai kyau, sai dai wari! A mota a matsa gefe, a taro a taɓe baki. Samari biyu sun zo, sun shaƙa, sun yi gaba.

Mai gyaran firji kuwa ko a jikinsa.

"Ba ka jin warin?" ta tambaye shi.

"Ni da nake wuni cikin gas? Wannan ai turare ne, Likita."

Firji ya gyaru sarai, amma bawan Allah kullum sai ya zo dubawa.

Ranar da za ta je gaida mahaifiyarsa, daga aiki ta wuce ba ta sauya mayafi ba, don hancinta ya daɗe da daina ji. Tsohuwa ko gaisuwar ba ta amsa ba.

Da yamma saƙo ya shigo: "Likitata, Mama ta ce 'yar wiwi ba za ta shigar mata gida ba. Ki ba ni lokaci, ina nan."

Wata biyu ba shi, ba dalilinsa. Kewa ta ishe ta, har firjin take yi wa hira.

Kwatsam tsohuwa ta aiko kiranta. Ta same ta kwance, harshe fari fat, ko ruwa da ƙyar yake wucewa.

"An ce maganin wannan kike haɗawa. Ba ni, in ba ki ɗana."

Ta sunkuyar da kai.

"Mama, a faranti kaɗai ya yi aiki, bai kai a ba mutum ba. Ina son ɗanki, amma ba zan yi gwaji da ke ba. Tashi in kai ki asibiti."

Tsohuwa ta daɗe tana kallonta, sannan ta miƙo hannu.

Ranar ɗaurin aure tsohuwa, ta warke sarai, da kanta ta yafa mata sabon mayafi.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Wancan tsohon kuma ki bar shi a wurin aiki."