Abin da Ɗangiwa Ya Faɗa a Hanyar Hubbare

Ɗangiwa na Tambuwal ya yi abin da ko mahaukaci ba ya yi. Ya tsaya a tsakiyar birnin Sakkwato, da rana tsaka, ya ce matarsa ta aure kuyanga ce. Ni Jumare, ƙanen mahaifinta, ina wurin, da kunnena na ji.

Matar tasa, Bara'atu, marainiya ce, ni na rene ta a Kebbe. Ita ta ce shi take so. Na ce yaron nan son a gani ya yi masa yawa. Ta kwana uku ba ta ci tuwo ba, na haƙura.

Wata biyar da aure ya ce zai kai ta ta ga babbar hanyar nan da kowa ke labari, wadda ta ratsa kasuwa ta bi ta gaban masallaci har Hubbaren Shehu. Na bi su domin ziyara. Kwana huɗu muna tafe, guzurinmu a kanta, shi kuwa yana rungume da rigar aro kada rana ta taɓa ta. Sai a ƙofar gari ya sa.

"Baffa, dubi raƙuma! Dubi jar fata har rumfa goma... Wai duk wanga gari guda na?" in ji Bara'atu.

"Rufe baki, mutane na kallo," in ji shi.

"Su kalla mana, maigida! Mu ma kallo munka zo."

Kowace rumfa sai ta tsaya. Ta shinshina turare, ta taɓa gishirin Buzaye, ta yi dariya. Ban taɓa ganin farin cikinta kamar ranar ba.

A layin dukawa wani ya kira sunan Ɗangiwa daga kan doki. Ɗanmaliki ne, abokinsa tun makarantar allo, yanzu ya zama babban falke. Nan Ɗangiwa ya shiga zuba, gonaki kaza, garken shanu kaza. Mutumin da akuya biyu gare shi!

Ɗanmaliki ya dubi Bara'atu, ƙafa duk faso, zane ya koɗe, kaya a ka.

"Wagga fa?"

Ɗangiwa ya dubi rigarsa, ya dube ta.

"Kuyangar gidanmu ta."

"Madalla! Uwargidana na neman mai daka. Ka bar min ita, ka zaɓi doki cikin dawakina."

Wani ƙaton baransa ya kama hannunta. Ɗangiwa ya tsaya yana yaƙe, wai yana neman hanyar da zai janye maganar ba tare da an gane shi ba. Ni ban jira ba, na sauke wa hannun ƙaton sandata.

"Ɗiyar ɗan'uwana ta! 'Ya mai 'yanci, kuma matar wannan maƙaryacin!"

Jama'a ta taru, dogarai suka kwashe mu sai gaban alƙali. Can Ɗangiwa ya durƙusa yana kuka.

"Bara'atuna, sanyin idona... baki na ya kuɓuce! Wallahi ba ni bari a tafi da ke!"

"Ƙaton nan ya riƙe hannuna, maigida. Kai nika kallo... ina jira ka ce wani abu."

"Kunya ta kama ni..."

"Kunyar mi? Kunyata?"

Ya sunkuyar da kai.

Alƙali ya ce an cuce ta, zaɓi nata ne, ta zauna ko a raba. Na ce mata gidanmu ba a taɓa kiran kowa bawa ba, kuma ba za a fara a kanta ba. Ta juyo, hawaye har wuya.

"Baffa, ina sonshi fa... Allah ya sani, har yanzu."

"Na sani."

"Ciki gare ni, wata biyu. A Hubbare na so in gaya mishi." Ta share fuska da gefen zane. "In na haifa, wani mai doki ya ce wanga yaro fa, mi ubanshi zai ce?"

Ta dubi alƙali ta ce a raba.

Namijin da ke jin kunyar wadda ta ɗauko masa abinci kwana huɗu bai cancanci ko gaisuwarta ba. An raba auren kafin la'asar. An yi wa Ɗangiwa bulala talatin a bakin kasuwa, ya koma Tambuwal shi kaɗai.