Ruwan da Ya Zuba a Ƙarƙashin Injin Wankinmu

Ina durƙushe ina kwashe ruwa da tsumma na ji sallama. Ban ɗago ba, amma hannuna ya tsaya cak.

Na san muryar nan...

"Hadassah?"

Josiah ne tsaye a ƙofar kicin da jakar kayan aiki a kafaɗa. Shekara shida rabona da shi. Maman Kingsley maƙwabciyarmu ce ta ce za ta turo min mai gyara daga Tunga, ban tambayi sunansa ba.

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba, zanin gado uku nake wankewa kullum. Tsohon injin wankin da Mama ta rasu ta bari shi ne gatana, ga shi kwana huɗu yana zubar da ruwa ta ƙasa. Hannuwana duk sun tsattsage da sabulu.

Ya kalli hannuwan, ya kau da kai.

Ya sauke jakarsa. Ya cire wuta, ya karkata injin ya jingina shi da bango, ya kwance murfin baya. Ya ce in riƙe masa tocila. Na riƙe ina haska masa.

Ya shafa tiyon da ke fitar da ruwa da yatsa har ya kai inda ya tsage. Ya ce robar ce ta tsufa ta bushe. Ya yanke wurin, ya haɗa da sabon guntu, ya ɗaure tamau. Sannan ya shimfiɗa busasshen kwali a ƙasa, muka zuba ruwa bokiti biyu a injin, muka tsaya muna kallo.

Ko ɗigo babu.

"Dassa, kin rame," ya ce a hankali.

Shi kaɗai yake kirana haka. A wancan lokacin har mun fara zuwa wajen fasto kan maganar aurenmu. Sai Dorothy, 'yar ƙanin Baba da ta daɗe tana son Josiah, ta je ta ce wa Baba wai yana da ɗa a Zungeru ya ɓoye. Baba ya kore shi a gaban mutane. Ni kuma na kasa buɗe baki. Sai bara Dorothy ta zo tana kuka ta ce ƙarya ta yi.

Daga ɗaki Baba ya buga sandarsa a ƙasa. Ya gane muryar.

Josiah ya wanke hannu ya shiga, ya durƙusa gefen gado ya gaishe shi. Baba ya kama wuyan hannunsa da hannun da ke motsi. Bakinsa a karkace, ya daɗe yana fama kafin maganar ta fita.

"Na... zalunce ka, ɗana."

"Ya wuce, Baba. Na yafe tuntuni."

Baba ya nuno ni. "Ga ta nan... ka ɗauke ta."

Allah ya sani, na sa rai.

Josiah ya sunkuyar da kai. Ya ce shekara huɗu ya yi yana jira, ko saƙo ɗaya bai samu daga gidanmu ba. Watan Disamba da ya wuce aka ɗaura masa aure a coci. Sunanta Felicia, malamar firamare ce a Maitumbi, kuma tana da ciki.

Na ce Allah ya sauke ta lafiya. Ban san yadda maganar ta fito ba.

Na raka shi bakin titi. Ya ce kada in riƙa cika injin da kaya, ya ce in shafa man kaɗanya a hannuna. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai Keke Napep ta tsaya, ya shiga.

Da na koma, na tarar Baba ya juya fuska ga bango, kafaɗarsa tana girgiza. Na zauna, na juyo da shi, na share masa ido da gefen zanina. Nawa hawayen na bar su suna zuba. Na jawo kofin kunun da na dama masa.

"Baba, buɗe baki," na ce. "Kunun zai huce."